Wane tarkacen gida 'yan gwangwan ke karɓa a Katsina, wanne ne ba su karɓa?

Maman_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar. Surukata ta rasu watan jiya a gidanta da ke Rafindadi, yanzu an ce a kwashe ɗakin ajiyarta domin za a gyara rufin kafin damina ta sauka. Ni da matar ƙanen maigidana aka ɗora wa aikin. Da muka buɗe ɗakin, wallahi babu wurin sa ƙafa. Akwai tukwanen da suka huje, su langa da kwalla da fentinsu ya ɓare, firjin da ya daɗe da mutuwa, talabijin irin ta da mai ƙaton baya, batirin mota biyu, risho, fanka, buhu uku na robobin ruwa da na lemo, kwalabe, jarkoki, katifa, takardu da littattafai cike da kwalaye, har da dogayen ƙwayayen fitila. Ba na son in sa yara su kai bola a cinna wuta, don hayaƙin nan yana tayar wa ɗana da asma. Wanne ne masu sayen tarkace ke karɓa a ciki? Kuma masu kura zan tsayar, ko in kai wurin da ake aunawa?

Abba_ƘofarSauri:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya ba ku haƙuri. Duk abin da yake ƙarfe ne za su ɗauka, ko ƙusa ce. Sauran ne ke da magana.

MaiSikeli_KT:
Allah ya gafarta mata. Hajiya, wannan sana'ata ce, ina da wuri ta wajen Ƙofar Guga, bari in yi miki bayani yadda muke yi. Kafin ki kira kowa, nemi mayen ƙarfe, ko na cikin tsohuwar sifikar rediyo ne. Duk abin da ya kama, baƙin ƙarfe ne, ki tara shi gefe guda: risho, su langa da kwalla, jikin firji, ƙafar fanka, gwangwanin madara da na tumatir. Shi ne mafi arha a kilo, amma shi ke da nauyi. Abin da mayen bai kama ba kuma, nan kuɗin yake. Tukwanen nan da kika ce sun huje, in na alminiyam ne, kuɗinsu ya ninka na baƙin ƙarfe. Gwangwanin maltina da na lemo su ma alminiyam ne. Sama da su duka akwai jan ƙarfe, wanda mu muke ce wa kofa, shi ne ke naɗe a cikin kan fanka da injin firji da wayoyin wuta. Sai tagulla, irin ta tsohon kan famfo da wasu kwaɗuna.

Dalilin da ya sa na ce ki rarrabe shi ne, in kika haɗa komai a buhu ɗaya, da kuɗin baƙin ƙarfe za a auna miki duka, alminiyam ɗin ya tafi a banza. Ba zan faɗi farashi a nan ba saboda yana motsi, na wannan makon daban da na makon jiya. Ki tambayi wurare biyu a rana ɗaya, za ki gane inda kasuwa take.

Batun kura ko wurin awo, mai kura wurinmu zai kawo, dole ya ci ribarsa a tsakani, kuma yawanci da ido yake yi wa kaya kuɗi. Tunda kayanki na da yawa, ki ɗauki a-kori-kura ki kawo, ko ki kira mai wuri ya zo da sikelinsa har gida.

Malam_Gafai:
Allah ya jiƙanta da rahama. 'Yar'uwa, kafin a kai ga maganar kilo akwai abin da ya riga shi. Kayan nan duk da tsufansu dukiyar mamaciya ce, sun zama na magada. Ko naira ɗari aka samu a tukunyar da ta huje, tana cikin gado. Ki sa maigidanki ya sanar da 'yan'uwansa maza da mata, su amince a sayar, a rubuta abin da aka samu a haɗa da sauran. In sun yarda a yi mata sadaka da kuɗin, alhamdu lillahi, amma in akwai ƙananan yara a cikin magadan ba a yin kyauta da rabonsu. Na ga zumuncin da ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba.

Maman_Sadiq:
Allah ya saka da alheri Malam. Gaskiya hankalina bai kai nan ba, ina ganinsu a matsayin shara ne. Zan faɗa wa Baban Sadiq yau da dare in sha Allahu.

Hajiya_Saulawa:
Maman Sadiq 'yata, ƙari a kan maganar Malam. Ki duba da kyau a ƙasan kayan, mata irin su surukarki ba su rasa tasoshi da kumbuna na jere. In kika ga tasa mai nauyi, mai ruwan zinariya in an goge ta da toka da lemun tsami, kada ki yarda a ɗora ta a sikeli. Wasu aikin maƙeran Bida ne, zanen jikinsu da hannu aka buga shi. Lokacin da mahaifiyarmu ta rasu, ƙanenmu ya kwashe irinsu guda shida ya ba mai kura muna can wurin zaman makoki. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, ba don kuɗin ba, a cikinsu muka ci tuwon sallah tun muna yara. Ki ware su ki nuna wa 'ya'yanta mata tukuna.

MaiSikeli_KT:
Hajiya ta faɗi gaskiya. In aka kawo mana, tagulla ce kawai a wurinmu, narka ta za a yi.

Injiniya_Batagarawa:
Bari in ɗauki ɓangaren roba, don a nan mutane suka fi ruɗewa. Ba duk roba ce iri ɗaya ba, kuma ba a narka su tare. Ki juya gindin kowace, sau da yawa za ki ga ɗan alama mai kusurwa uku da lamba a ciki, daga 1 zuwa 7. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo, garai-garai ɗin nan. Lamba 2 ita ce jarka da robar man shafawa da ta sabulun ruwa. Lamba 5 ita ce yawancin bokiti da baho da kujerar roba da kofuna. Waɗannan ukun su ne ake nema. Lamba 4 leda ce, har da ta fiya wata. Lamba 3 ita ce bututun ruwa, masu sayenta daban ne, kuma in ta shiga cikin lamba 1 tana ɓata narkin gaba ɗaya. Lamba 6 ita ce farar robar zuba abinci mai kama da soso, wadda gwamnatin Legas ta hana amfani da ita a watan Janairun 2024. Ita kam ba na jin za ki samu mai karɓa, ba ta da nauyi, ga maiƙo.

Abin da ake yi da su shi ne a niƙa a inji su zama ɓarɓashi, a wanke, a shanya, a ɗura a buhu a kai kamfanoni, da yawa a Kano, wajen Sharaɗa da Challawa da Bompai. Wurin wankin ma ruwa ne ke rarrabe su: ɓarɓashin gora yana nutsewa, na murfinta yana tasowa sama, saboda ba roba ɗaya ba ce.

Ummi_MaiZoɓo:
Anti don Allah kada ki ba 'yan gwangwan gorunan nan in masu kyau ne da murafensu. Mu masu zoɓo da kunun aya da fura muna saye da ƙidaya, ba da kilo ba, kuma ya fi miki riba nesa ba kusa ba. Masu man gyaɗa da manja su ma suna nema, musamman manyan. Waɗanda suka lotse ko rana ta ci su, su ne na awo. Ina Sabuwar Unguwa, in kin shirya ki yi mini magana ta akwatin sirri.

Nas_Binta:
Ummi, ba ina hana ki sana'a ba ne, amma robar da ta shekara a ɗakin ajiya tare da batirin mota da ɓeraye, ina roƙonki kada a zuba abin sha a ciki. Kuma ba mu san abin da marigayiya ta taɓa ajiyewa a wasu ba. A gidajenmu ana zuba kananzir da fiya-fiya a gorar lemo, mun sha karɓar yara a asibiti da suka ɗauka ruwa ne suka kurɓa.

Ummi_MaiZoɓo:
Gaskiya ne Anti Nas. Ni dai ina shinshina kowace, wadda na ji wani wari ko na ga launinta ya sauya ba na ɗauka, sauran kuma da ruwan ɗumi da omo nake wankewa sau biyu. Amma na yarda, na ɗakin ajiya da suka daɗe gara a kai awo.

Nas_Binta:
Madalla. Maman Sadiq, abin da ya fi tsaya mini a rai cikin jerin kayanki batiran nan ne. Za a saye su, har ma da daraja, domin dalmar da ke ciki ake so. Amma kada ki bari kowa ya fasa su ko ya tsiyaye ruwan a tsakar gida. Ruwan batir asid ne, yana ƙona fata yana makantar da ido, ita kuma dalma guba ce da ke zama a ƙasa, yaro ya yi wasa ya sa hannu a baki. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma gubar ɗaya ce. Wanda bai mutu ba tana taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma ba ta nuna alama da wuri. A ɗauke su a tsaye yadda suke, a kai wa mai sayar da batir, da yawansu suna karɓar tsoho su rage maka kuɗin sabo.

Jarkokin kuma ki duba. In akwai ta maganin feshi na gona, ba ta ruwa ba ce ba ta mai ba ce har abada, ko an wanke. A ɗauraye ta sau uku, a huda gindinta yadda ba wanda zai sake amfani da ita.

Sani_Kwaɗo:
To ni tambayata, tukwanen da ake ce wa na dalma, waɗanda muke dafa abincin biki da su, su ma gubar ce ke nan?

Ɗan_Maƙera:
A'a ɗan'uwa, suna ne kawai ya haɗa su. Mu ke zuba tukwanen nan, gado na yi wurin mahaifina. Alminiyam ne, wanda tsofaffi ke ce wa goran ruwa. Dalma ta gaskiya nauyi gare ta ƙwarai, ga taushi, ko da farce kana iya yi mata zane, ba a tukunya da ita. Muna sayen tsofaffin tukwane da gwangwanayen lemo, mu narka a maƙera, mu zuba a cikin ƙasar da muka danna da siffar tukunya. Don haka Hajiya, tukwanen surukarki in kika kai wa maƙeri kai tsaye zai saya, wani ma ya yi miki musaya da sabuwa ki cika kuɗi kaɗan.

Injiniya_Batagarawa:
Ɗan Maƙera ya yi daidai a kan sunan, alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, shi ya sa gawayi da zuga-zugi ke iya masa. Sai dai akwai gyara. In aka haɗa da tarkacen injin mota ko lagireto ko wani abu mai dalma a jiki, tana iya shiga cikin narkin, daga baya ta riƙa fita a abinci, musamman mai tsami kamar miyar tumatir ko yakuwa. Ba a gane wannan da ido. Ya danganta da abin da maƙerin ya jefa a wuta.

Ɗan_Maƙera:
Ban musa ba Injiniya. A wurinmu kayan inji daban muke ajiye su, ba mu sa su a tukunyar abinci, tun mahaifina haka yake yi domin ya ce suna sa tukunya ta yi baƙi ta yi saurin tsagewa. Amma ba zan rantse a kan kowa ba.

Baba_Ritaya:
Ku yara ba ku san lokacin da ba a sayar da gwangwani ba. Da na madara ake fitilar aci-balbal da mazurari, da shi ake awon gishiri da barkono a kasuwa, babban na tumatir kuma a huhhuda shi ya zama abin yayyafa ruwa a lambu. Tsohuwar taya a yanka a yi guga da takalmi. Maganar tara ƙarfe a tirela daga baya ta zo. Ko kamfanin mulmula ƙarfe na nan Katsina da aka kafa a farkon shekarun 1980, tare da na Jos da na Osogbo, ba don tarkace aka tsara shi ba, sandunan ƙarfe ake kawo masa daga Aladja ta jihar Delta ta yanzu ya mayar da su rodi. Yau kuwa kamfanonin rodi da yawa a ƙasar nan da tsohon ƙarfe suke aiki, shi ya sa kuka ga ko murfin kwano ba ya kwana a bola. Risho ɗin Hajiya wata rana yana cikin ginshiƙin gidan wani.

Zee_Layout:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Amma wannan daraja da ƙarfe ya yi ita ta jawo mana bala'i a unguwa. An cire mana murfin kwata na ƙofar gida, an sace kan injin ruwa, tukunyar da na jiƙa a waje ma ba ta tsira ba. Kuma yaranmu sun koyi ɗaukar kayan gida suna kai wa masu kura a ba su alewa ko 'yan canji. Ɗan maƙwabciyata ludayi da murfin tukunya sabbi ya kai. Ni shawarata Maman Sadiq kada ki shigo da kowa cikin gida, a fito da kayan zaure.

MaiSikeli_KT:
Hajiya Zee, abin da kika faɗa yana faruwa, ba zan kare shi ba, wake ɗaya ke ɓata gari. Ni a wurina ba na karɓar kaya daga hannun ƙaramin yaro sai da babba, ba na karɓar murfin kwata, ko wayar wutar gwamnati, ko ƙarfen da na ga alamar daga makaranta ko maƙabarta aka ciro shi. Wanda ya karɓa ya san abin da yake yi, domin kayan sata ba ya ɓuya, sabo ne kuma ana sakin sa da arha. Amma ki sani akwai dubban samari da wannan kurar ce abincinsu, da ita suke ciyar da iyaye. Shawararki ta a fito da kaya zaure kuwa daidai ce, ni ma haka na fi so.

Abba_ƘofarSauri:
Mai Sikeli, tunda ana maganar gaskiya, a taɓo batun sikelin ma. Na taɓa auna buhun ƙarfe a gida, da na kai wani wuri sai ya ragu da kilo uku.

MaiSikeli_KT:
Akwai masu taɓa sikeli, Allah ya shirye su. Maganinsa ka tafi da abin da ka san nauyinsa, ka ce a fara ɗora shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 10 cike za ta ba ka kilo 10 da ɗan nauyin jarkar. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Amma ka sani ana cire nauyin ƙasa da siminti da roba da ke manne da ƙarfe, wannan ba cuta ba ce, mu ma haka ake cire mana a kamfani.

Maman_Sadiq:
Na gode ƙwarai, ina ta rubutawa. Saura takardu da katifa da kwalabe da talabijin, ba wanda ya taɓo su.

Malam_Gafai:
Takardun kam a zauna a tantance su ɗaya bayan ɗaya, kada a yi gaggawa. Tsofaffinmu suna ajiye Alƙur'ani da ya yage, da ƙananan littattafan addu'a, da rubutun allo da aka kwafa a takarda, duk a kwali ɗaya da rasiɗin wuta. Abin baƙin ciki ne ka sayi ƙosai ko tsire ka ga an naɗe maka a takarda mai ayar Allah. Duk mai ɗauke da aya ko sunan Allah a ware ta, a binne a wuri mai tsarki da ba a takawa, ko a ƙona ta da ladabi a binne tokar. Sayyidina Usman ya sa an ƙona sauran rubuce-rubucen bayan an haɗa Mus'hafi, don haka malamai suka halatta. Wanda bai lalace ba a kai masallaci ko makarantar allo.

Lauya_Ɗandagoro:
Kuma a duba takardun fili da na gida da na gona a ciki. Tsofaffi a tsakiyar littafi suke ɓoye su. Har da 'yar takardar da aka rubuta bashi, wanda ake binta ko wanda take bi, domin ana biyan bashi kafin a raba gado.

Sadiya_DutsinSafe:
Kwali ana saye in busasshe ne, a buɗe shi a shimfiɗe a ɗaure. Wanda ruwa ya taɓa ko mai ya jiƙa ba su so. Tsofaffin jaridu da littattafan makaranta masu ƙosai da masu gyaɗa na saye. Katifa kuma ki tambayi masu gyaran kujeru, suna yayyanka soson su cusa a matashi, in dai ba ta ruɓe ba. Tsummokara ma makanikai na karɓa don goge hannu, amma kyauta ce ba saye ba.

Sani_Kwaɗo:
Kwalaben lemo na gilashi ki mayar wa dilan lemo, kamfani na karɓar abinsa in ba su fashe ba. Masu faɗin baki irin na bama mata na so don yaji da man shanu, dogayen kuma masu soya gyaɗa. Fasasshen gilashi da madubi da tangaran, ban taɓa ganin mai saye a garin nan ba. Ki naɗe su a buhun siminti ki ɗaure kafin a zubar, saboda almajirai da masu tsince-tsince da ke shiga bola ba takalmi.

Gyaran_Firji_Marusa:
Hajiya kada ki sayar da firji da fanka a kilo kafin mai gyara ya gani. Sau da yawa abu kaɗan ne ya mutu, ko kuma mu sayi kayan jikin mu gyara wani da su, kuɗin ya fi na awo. In ya tabbata gawa ne, to a sayar da shi ɗungurungum. Abin da ba na so shi ne yadda wasu ke sare bututun baya da adda iskar gas ɗin ta fita, su fasa injin, man ya malale a ƙasa. Kuma in an tsaya jiran mai saye, a cire ƙofar ko a juya ta jikin bango, yaro na iya shiga wasan ɓuya ya rufe kansa.

Talabijin mai ƙaton baya kuwa ita ce matsala. Abin da ake so a cikinta ɗan jan ƙarfen da ke wuyan kwalbar da ke nuna hoto ne da allon na'urar. Kwalbar kanta ba mai so, ga nauyi, kuma gilashinta akwai dalma a ciki. Galibi sai su ɗauka su fasa a bayan gari su bar gilashin a nan. In an fasa ta da ganganci ma tana tarwatsewa, domin babu iska a cikinta.

Nas_Binta:
Dogayen ƙwayayen fitilar ma haka, akwai zaiba a cikinsu, ita ma guba ce. Kada a bari yara su yi takobi da su. In ɗaya ya fashe a ɗaki a buɗe tagogi a fita na ɗan lokaci, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share da tsintsiya ƙurar ta tashi.

Zee_Layout:
To in ba mai saye, kuma ba a fasawa, ba a ƙonawa, ina za a kai su? Motar kwasar shara in ta ɗauka ai juji ɗaya za ta zuba su da sauran.

Injiniya_Batagarawa:
Tambayar ke nan Hajiya Zee. Mai gwangwan ɗan kasuwa ne, abin da kamfani zai saya a hannunsa shi yake karɓa. Abin da ke da haɗari amma ba shi da kasuwa, kamar ƙwan fitila da ƙananan batiran tocila da ragowar magunguna, aikin hukuma ne ta ware masa wurin karɓa. Ya kamata masu unguwanni su kai wannan koke ga hukumar kula da muhalli ta jiha a rubuce. Kafin nan, abin da nake yi a gidana shi ne in mayar da ƙwan cikin kwalinsa in ajiye a saman rumbu inda hannu ba ya kai. Batirin waya da na fawa bank da ya kumbura shi kuma kada a huda shi, kada a jefa a wuta, kamawa yake yi. Haka gwangwanin maganin sauro na fesawa, fashewa yake ko ya ƙare.

Sarkin_Fawa_Ƙarami:
Ni leda ce damuwata, na ga an wuce ta da sauri. Mu da muke yanka kullum mu muke ganin abin da ke cikin tumbin dabbobi. Akuya ko saniya ta rame ana ta ba ta magani, sai an yanka a tarar da leda ta dunƙule a ciki kamar ƙwallo, ta hana abinci wucewa. Ga kwatoci da ke toshewa da ruwan farko, ruwa ya shiga gidajen mutane ya ci katangar ƙasa. Ledar fiya wata akwai masu saye in an tara da yawa an shanya, a gidana buhu na rataye a bakin randa, kowa ya sha ya jefa a ciki. Baƙar leda ce ban san mai karɓa ba.

MaiSikeli_KT:
Ta fiya wata ana karɓa, amma ba kowane wuri ba, sai masu injin niƙa roba, kuma sai ta bushe ba ƙasa a jiki. Silifas da takalman roba da suka tsinke su ma ana saye, Hajiya ki duba ko akwai. Baƙar leda ta yi siriri da yawa, ga datti, wahalar wankinta ta fi kuɗinta.

Maman_Sadiq:
Salamu alaikum, na dawo da bayani. 'Yan'uwan Baban Sadiq sun amince a sayar, an sa babbar yayarsu ta riƙe lissafi. Hajiya Saulawa, Allah ya biya ki, mun samu tasoshi huɗu da kumbo ɗaya a ƙasan wani akwati an naɗe su da zane, yayar tasu da ta gani sai da ta yi kuka, ta ce na kakarsu ne. Lauya, mun ga takardar gonar Hajiya a cikin wani littafin addu'a. Mai gyara ya duba fanka ya ce za ta tashi, firjin ne ya mutu, ya saye shi. Batiran an kai wa mai batir a tsaye kamar yadda Anti Nas ta ce. Ƙarfe da alminiyam da robobi mun rarrabe, gobe in Allah ya kai mu mai sikeli zai zo zaure, na kuma cika jarkata mai lita 10 na ajiye.

Abin da ya rage a ɗakin yanzu talabijin ce, da ƙwayayen fitila bakwai, da wata leda cike da ragowar magungunan Hajiya na hawan jini da na ciwon ƙafa, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Masu gyaran rufi jibi za su fara aiki.

Nas_Binta:
Magungunan kada ki ba kowa ya sha, ko da ciwonsu iri ɗaya ne, kada kuma a zuba a bola yara su tsinta. Ki kai wa mai harhaɗa magunguna a asibitin da take zuwa, ki ce na marigayiya ne, su za su duba kwanan watan su san yadda za su yi da su.

Gyaran_Firji_Marusa:
Talabijin ɗin ki bar ta a rufe kada a cire bayanta. Akwai wani abokin aikina da har yanzu yake gyara irinsu yana kai wa ƙauye, zan tambaye shi yau ko zai ɗauka. Inci nawa ce, kuma kwalbar ta tsage ko lafiyarta lau?